Tambaya: garken Habila tumaki ne zalla ko har da awaki?

Saratu_Kafanchan:
Salama 'yan'uwa. Muna nazarin Farawa 4:2 a zumuntar mata, wata ta ce wai kalmar da aka fassara tumaki a Ibrananci ba tumaki kaɗai take nufi ba, har da awaki, abin ya tsaya min a rai don tun muna Sande sukul tunkiya ake zana mana kusa da Habila. Masu ilimin Ibrananci ku taimaka don Allah.

Fasto_Bulus:
Yauwa 'yata, gaskiya ta faɗa. Kalmar ita ce "tson", ana nufin ƙananan dabbobi a haɗe, tumaki da awaki, kamar yadda Bafulatani ke kora su tare, shanu kuma sunansu daban, "baƙar". Ki buɗe Farawa 27:9, Rifkatu ta ce wa Yakubu ya je wurin tson ya kamo mata 'yan awaki biyu, to da tumaki ne zalla ina zai samo ɗan akuya? Firistoci 1:10 ma ya fito fili, hadaya daga tson, ko tunkiya ko akuya. Guda ɗaya kuma "se" ake ce mata, shi yasa a Fitowa 12:5 aka yarda a yanka ɗan rago ko ɗan akuya don Idin Ƙetarewa.

Dan_Zariya:
Baba Fasto a gafarce ni, amma fa ba ko'ina ba. 1 Sama'ila 25:2 ta ce Nabal yana da tson 3,000 da awaki 1,000, an ware awakin daban kenan, kuma sausayar gashi yake yi a Karmel. A nan kam tumaki ne. Sai mutum ya duba abin da ke kewaye da ayar.

Malam_Sani:
Ni musulmi ne amma zancen ya ja ni. A Larabci akwai "da'n", tushensu ɗaya da tson ɗin nan, tana cikin Suratul An'am aya ta 143, sai dai a can tumaki ne kawai, don an ambaci "ma'az" wato awaki a gefensu.

Saratu_Kafanchan:
Kai na gode sosai. Baba Fasto to na Habila fa, wanne zan ce musu ranar Laraba?

Fasto_Bulus:
Ki ce makiyayin garke ne. Ayar ba ta rarrabe ba, aya ta 4 ma 'ya'yan fari na tson ɗinsa kawai ta ce ya kawo, da kitsensu.