Yaya Katharine Hepburn ta farfaɗo bayan kasuwa ta juya mata baya?

Ƴar Bolari:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta wasan daɓe a nan Gombe na shirin shiga fim, shi ya sa nake bibiyar tarihin Katharine Hepburn, jarumar fim ta Amurka. An ce akwai lokacin da masu sinima suka guje ta, amma ta ƙare da kyautar Oscar har huɗu. Don Allah masana, me ya kayar da ita, kuma ta wace hanya ta tashi?

Malam na Jekadafari:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. An haife ta a Hartford, jihar Connecticut ta Amurka, a 1907, ta gama kwalejin Bryn Mawr a 1928. A shekarar aka ba ta babban matsayi a wani wasan daɓe, aka kore ta bayan dare ɗaya. Ta makara, ta rikita kalamanta, kuma tana zuba magana da saurin da ƴan kallo ba sa kamawa. Wannan ciwon sabon ɗan wasa ne: in tsoro ya kama shi, numfashi ya tsaya a ƙirji, murya ta sirance, ƙarshen jimla ya haɗiye. Maganinsa jan numfashi daga ciki da ƙarasa kowace kalma, kuma ita ma sai da ta zauna gaban malamar murya.

Kamfanin fim na RKO ya ɗauke ta a 1932, ta ci Oscar ta farko da fim ɗin Morning Glory na 1933. Daga baya yawancin finafinanta suka yi ta kwantai. Ga shi ba ta sakar wa ƴan jarida fuska, jama'a suka ɗauke ta mai girman kai. A 1938 wata ƙungiyar masu gidajen sinima ta sa sunanta cikin jaruman da ta ce guba ne ga ciniki.

Hajiya ta Fadaman Mada:
Malam ya kawo faɗuwar, bari in kawo tashin, don nan ne darasin yake. Da farko ta biya RKO daga aljihunta ta fanshi kwantiraginta. Sai ta koma dandamali, inda marubuci Philip Barry ya rubuta wasan The Philadelphia Story daidai da muryarta da halinta. Ta zuba jari a wasan, ta zaɓi kaso daga ciniki maimakon albashi. An buɗe shi a Broadway, cibiyar wasan daɓe ta birnin New York, a 1939, aka yi shi sama da sau 400.

Babbar dabarar ita ce, da taimakon attajiri Howard Hughes ta mallaki haƙƙin mayar da wasan fim tun kafin kamfanoni su farga. Da kamfanin fim na MGM ya zo saye, ta gindaya sharaɗi: ita ce jarumar, George Cukor ne darakta. Ta nemi jarumai Clark Gable da Spencer Tracy su fito tare da ita ba ta samu ba, aka ba ta Cary Grant da James Stewart. Ki lura da farkon fim ɗin na 1940, inda aka ture ta ta faɗi. Ƴan kallo suna ganin ta da ɗagawa, sai aka fara sauke ta a gabansu, sannan suka koma bayanta.

Ƴata, kafin ku kunna kyamara ku rubuta wa ke da labarin, wa ke da fim ɗin, kowa nawa ne kasonsa, a sa hannu gaban shaidu. Ƙungiyoyi da yawa a kan wannan batun suke watsewa.

Ƴar Bolari:
Na gode, Hajiya. To bayan ta samu, ta bar dandamali?

Malam na Jekadafari:
Ko kusa. A 1950 ta yi wasan Shakespeare a Broadway, a 1955 ta zagaya Ostareliya da ƙungiyar wasan daɓe ta Old Vic ta Landan, a 1969 ta yi wasan waƙa na Coco tana da shekara 62. Sauran Oscar ukun na finafinan 1967 da 1968 da 1981 ne, duk bayan ta kai sittin. Ta rasu a 2003 tana da 96.

Ku dai ku kula da bambancin aikin. A daɓe muryarki sai ta kai layin ƙarshe, a fim makirfo na kusa da bakinki, kyamara na kama ƙiftawar ido. Ku ɗauki fitowa ɗaya da waya sau biyu, ɗaya yadda kuka saba, ɗaya a rage murya da motsin hannu, ku zauna tare ku kalla.