Waɗanda suka taɓa bin cimfanzi a daji, ku zo ku ba ni labari

Hajaru:
Assalamu alaikum yayyena. An ɗauke ni aikin taimaka wa masu binciken halayyar cimfanzi, wato babban birin nan marar wutsiya mai kama da mutum, bayan wata biyu zan shiga daji. Abin da na sani duk na karatu ne: yadda mai binciken birai Jane Goodall ta sauka a Gombe ta Tanzaniya a 1960, ta ga biri yana zura tsinke cikin suri yana zaro gara. Ku da kuka taɓa yi, yaya aikin yake a zahiri?

Malam Buba:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara tambayar ko biran naku sun saba da mutum, don aikin kashi biyu ne. Ni a gandun dajin Gashaka Gumti na Najeriya na yi, kuma namu ba su saba ba. Sai mu yi mako muna jin ihunsu daga tsallaken kwari, ko gashin ɗaya ba mu gani ba. To me muke yi? Ƙirga sheƙa. Kowane babba yakan lanƙwasa rassa ya yi sabon makwanci duk yamma, ganyen ne zai gaya miki ko na jiya ne ko na watan jiya. Sai tsintar sandunan da suka yar a bakin ramin zuma ko na kwarkwasa, mu auna tsawo da kauri. Sai kuma kashi, ki yi haƙuri. A rariya muke wanke shi bakin rafi, mu ware 'ya'yan ɓaure gefe, kawunan kwarkwasa gefe. Ranar farko na kasa cin abincin rana. Kafin wata uku, in na hango sabon kashi har murna nake.

Yaya Talatu:
Namu a Uganda sun saba, amma kada ki ɗauka hutu ne. Tun kafin asuba kina gindin bishiyar da suka kwana, tocila a kashe. Da sun farka abin da suke fara yi fitsari ne, ke kuma kina ƙasa da leda ɗaure a bakin sanda mai baki biyu kina tara, don a ɗakin gwaji ake sanin mai ciki da marar lafiya. Ba kullum yake sauka a ledar ba, ki fahimta.

Daga nan biri ɗaya za a ba ki, ki bi shi har ya sake yin sheƙa da magariba. Duk 'yan mintoci ki rubuta abin da yake yi da wanda ke kusa da shi. Yawanci ci ne da barci da tsefe wa juna gashi, sa'a uku ba abin da ya canja, ƙudaje na shan jininki. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne rubuta abin da ido ya gani kawai. Na taɓa rubuta "ta yi fushi", shugabar aikin ta ja layi a kai ta ce in faɗi abin da na gani: gashi ya miƙe, ta ja reshe, ta yi ƙara. Haushi na ji a lokacin, amma gaskiyarta.

Fuskokinsu kuwa sai da na yi wata biyu kafin na iya bambance su. Wannan kunnensa a yage, wancan ba yatsu biyu saboda tarkon waya na mafarauta.

Ɗanjuma:
Ki sa takunkumin rufe hanci da baki, ki bar tazarar aƙalla mita bakwai tsakaninki da biran. In kina mura ki zauna a sansani ko da aikin zai tsaya. Murar da ke sa mu atishawa tana kashe su.

Hajaru:
Yaya Talatu, in namiji ya taso min fa?

Yaya Talatu:
Kada ki gudu. Zai zo da gudu gashi a tashe, yana jan reshe, ya doki saiwar bishiya kamar ganga. Ki rungumi bishiya ki kau da ido. Yawanci ba da ke yake ba, sauran maza yake nuna wa isa. Gwiwoyina sun yi rawa dai, ba zan ɓoye miki ba.

Malam Isiya:
Ni a dajin Tai na Kwaddibuwa na ga abin da har yau nake tunawa. Ƙwas, ƙwas, sai ka ce maƙera, ashe uwa ce ke fasa ƙwara da dutse a kan saiwa. Ɗanta na gefe yana dukan tasa da ɗan icce, tana zillewa, ya gaji ya miƙa hannu ta ba shi. Shekaru yake ɗauka kafin ya iya.

Abu ɗaya ya ɓata min rai. Mu muka san biran, mu muka sha ruwan sama, amma da aka buga sakamakon binciken sai na ga sunana a layin godiya can ƙarshe, an ma rubuta shi ba daidai ba. Ki tambayi wannan tun kafin ki sa hannu a takarda.

Malam Buba:
Kuma da fensir za ki riƙa rubutu, ƙanwata. Biro ba ya jure damina. Safa kuwa ki ninka abin da kika yi niyyar ɗauka.