Lambun gida a damina: abin da muka tattaro a hirar unguwar Aboabo ta Kumasi

Ruwan bana ya sauka da ƙarfi a Kumasi tun watan Afrilu, shi ya sa masu ɗan lambu a bayan gida muka zauna muka yi shawara.

Magana ta fi tsawo a kan dodon koɗi, don cikin dare ɗaya yake cinye alayyafo da ƙananan kuɓewa. Wasu sun ce a zagaye shuka da toka, amma wata dattijuwa ta yi dariya, ta ce ruwan farko zai wanke ta. Shawararta ita ce a fita da tocila bayan isha'i a tsince su da hannu. Manyan kuma maƙwabtanmu Asante miya suke yi da su, sai a miƙa musu. Ni dai na fi yarda da ita.

An ce a ɗaga kunya, a yi wa ruwa hanya, a ɗaure tumatir a jikin sanda kada ya taɓa ƙasa ya ruɓe. Kwaɗi da ƙadangaru a ƙyale su, ƙwari suke ci. Gwangwani da tsohuwar taya a kife su, domin sauro yakan girma cikin ruwan kwance a kwana 7 zuwa 10. Ciyawar gindin katanga kuwa a nome ta saboda maciji.