Tambayoyi 9 sun iso asibitinmu, amma wa zai bi marar lafiya?

Hadiza Nas:
Assalamu alaikum. Ni nas ce a ƙaramin asibiti, ɓangaren masu hawan jini da ciwon suga. An ce mana daga yanzu lafiyar ƙwaƙwalwa ta shigo cikin aikinmu na kullum. Abin da ya iso hannuna dai takardar PHQ-9 ce ta auna ciwon damuwa, tambayoyi 9 kan barci, cin abinci, kasala, har da tunanin kashe kai. Wata mai ciwon suga ta samu maki 17 cikin 27. Da muka zo tambayar ƙarshe, ta tunanin kashe kai, sai ta sunkuyar da kai, tana ta murza katinta, da ƙyar ta ce "wani lokaci". Na rubuta mata takardar zuwa asibitin ƙwaƙwalwa, ba ta je ba. Abin na ci mini rai. Haɗa lafiyar ƙwaƙwalwa da aikinmu da ake faɗa ke nan, ko akwai abin da aka bari a baya?

Likita Umar:
Wa alaikumus salam Malama Hadiza. Da farko, duk wanda ya amsa tambaya ta 9 da e, kada ya bar asibiti sai an zauna da shi a ranar, an ji ko ya shirya wani abu, an san wa ke tare da shi a gida. Ki neme ta, don Allah.

Sauran kuwa, an bar fiye da rabin aikin. Tsarin da aka gwada aka ga amfaninsa mutum uku ke riƙe da shi: likitan da ya saba ganin marar lafiya, mai bibiya (ma'aikacin da ke bin marar lafiya bayan ya koma gida), sai likitan ƙwaƙwalwa da ke zama da mai bibiyar duk mako su bi rajista suna bayan suna, ko bai ga mutanen ido da ido ba. A Amurka, binciken IMPACT da ya fito a 2002 ya bi tsofaffi 1,801 masu ciwon damuwa. Bayan shekara guda, kashi 45 cikin ɗari na waɗanda aka bi ta wannan hanya ciwonsu ya ragu da rabi ko fiye, waɗanda aka kula da su yadda aka saba kuwa kashi 19 kacal. Ba sabon magani aka ƙirƙiro ba. Akwai dai mai kiran waya ya ji ko ana shan maganin, a sake cike takardar, in maki bai sauka ba a canza hanya.

Malam Bala:
Likita, ai wannan zancen masu hali ne. Inda babu likitan ƙwaƙwalwa ko ɗaya fa? A ƙara wa nas kaya kawai?

Likita Umar:
Kana da gaskiya kan kayan, Malam. Amma an yi shi a inda likitocin suka yi ƙaranci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da mhGAP, shirin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, a 2008 domin ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba. A karkarar Pakistan mata ma'aikatan lafiya masu shiga gida-gida aka horar suka taimaki masu juna biyu da masu jego da ke fama da ciwon damuwa. A Zimbabwe tsofaffin mata ne ke zama da mutane kan benci a harabar asibiti. Dukkansu akwai mai duba aikinsu a kai a kai, kuma wannan ne gwamnatoci suka fi mantawa a kasafi. Ko a Amurkan, sai a 2017 Medicare, shirin inshorar lafiya na gwamnati, ya fara biyan kuɗin wannan aikin bibiya.

Hadiza Nas:
Na gode Likita. A taronmu zan nemi a ware wa nas ɗaya awanni na bibiya, da rajista, da layin waya. Maganin kuma fa? Wasu sun ce sun sha mako guda ba su ga komai ba suka ajiye.

Likita Umar:
Ki faɗa musu tun ranar farko cewa magungunan ciwon damuwa irin su fluoxetine sai sun yi makonni kafin a ji sauƙi, kuma ana ci gaba da sha watanni bayan an warware. Ki ƙara da wannan a buƙatunki: kada maganin ya yanke a ɗakin magani na asibitin, don wanda ya zo bai samu ba da wuya ya dawo.