Ƙwaya takwas ko sha shida: wane furosesa ya dace da mai ƙera wasa?

Abba (Madina): Salamu alaikum jama'a. Na tara riyal 6,000 daga hidimar alhazai ta bana, ina so in haɗa kwamfutar tebur in fara koyon ƙera wasan bidiyo. Wani abokina ya ce kada in wahalar da kaina, in sayi Ryzen 7 7800X3D a matsayin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Wai duk furosesan da ya fi gudu wajen buga wasa, shi ne ya fi wajen ƙera shi. Haka ne?

Nura (Riyad): Wa alaikumus salam. Abokin naka ya san abin da yake faɗa. Ƙwaya takwas gare shi, wato sassa takwas da kowanne ke iya aikinsa a lokaci guda, amma kamfanin AMD da ya ƙera shi ya ɗora masa ƙarin ma'ajin kusa (cache, inda yake ajiye bayanan da yake yawan buƙata) har ya kai megabait 96, shi ya sa wasa ke gudu a kansa ba tangarɗa. Mai ƙera wasa kuma me yake yi dare da rana in ba buga wasan nasa ba? Ka gyara, ka gwada, ka sake gyarawa. Saya kawai.

Malam Habu (Jidda): Nura, tsakaninka da Allah, ka taɓa buɗe sabon aiki a Unreal Engine 5, injin nan na ƙera wasanni? Kana buɗewa wata lamba za ta fito can ƙasan allo tana ƙirga shedoji dubbai da suka rage a haɗa, wato 'yan umarnin da ke faɗa wa katin zane yadda haske zai sauka a kan kowane abu. Ni kan tashi in ɗora shayi, in sha, in dawo, lambar ba ta kai sifiri ba. Wannan aikin gayya ne, kowace ƙwaya sai ta ja kunyarta. Buga wasa sukuwa ce, ingarma ɗaya mai gudu ya wadatar. Ryzen 9 7950X ƙwaya 16 gare shi, a wajen gayya ba ka haɗa shi da mai takwas.

Maryam (Dammam): Ni da na ga shedoji na ɗauka Malam ya koma harkar shadda ne, har zan tambayi kuɗin yadi. Amma ku dakata, ba wanda ya tambayi yaron nan wane irin wasa zai yi.

Nura (Riyad): Malam Habu, da girmanka, amma haɗin nan sau ɗaya ne. In ya gama sai ya adana, gobe ba zai maimaita ba. Saboda jiran yini guda mutum zai sayi abin da ke cin wat 170, alhali mai ƙwaya takwas ɗin 120 aka rubuta masa?

Malam Habu (Jidda): Sau ɗaya a bakin wanda bai yi aikin ba. Ka canza sigar injin, ya sake. Ka taɓa fentin da abubuwa da yawa suka dogara da shi, ya sake nasu. Ka rubuta wasanka da yaren kwamfuta na C++, duk gyaran da ya shafi fayiloli da yawa sai ka zauna jira. Ga gasa haske, wato lissafa haske da inuwa tun da wuri a adana, ga ƙunshe wasan a fitar da shi. Jiran nan ba kuɗi yake ci ba, tunani yake kashewa. Dabara ta zo maka, kafin na'ura ta gama ka buɗe waya, shi ke nan ta gudu.

Sadiƙu (Riyad): Duk kun manta da Intel. Core i9-14900K ƙwaya 24 ne, takwas manya, 16 ƙanana. Kuma akwai madabod ɗinsa, wato babban allon da ake dasa furosesa a kai, da ke karɓar tsohon nau'in RAM na DDR4, ba kamar AM5 ba, gurbin waɗannan Ryzen ɗin, da dole sai sabon nau'in DDR5.

Nura (Riyad): Wanda ke kaiwa wat 253 in ya ɗau zafi? A ɗakin ɗalibi a Madina, a watan Yuli, da na'urar sanyaya ɗaki ta taga mai tari? Abba zai gasa gurasa a kai. Ka kuma manta abin da ya faru a 2024, da Intel da kanta ta yarda wasu furosesoshin zubi na 13 da na 14 suna jan wuta fiye da kima har su lalace.

Sadiƙu (Riyad): Ban manta ba. Sun fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, manhajar da ke cikin madabod, sun kuma ƙara shekara biyu a kan garanti.

Nura (Riyad): Garanti ga wanda ya sayi sabo da rasit. Mai riyal 6,000, ga harajin kashi 15 a kan kusan komai, ina zai dosa in ba kasuwar na hannu ba?

Baba Isiyaku (Makka): To a nan zan sa baki, 'ya'yana. Ni gyara nake yi, ban san ƙera wasa ba. Na taɓa sayen furosesa na hannu a wajen wani, a naɗe cikin tishu, ya rantse lafiya lau. Da na isa gida na haska fitilar waya sai ga ƙafafu huɗu a kwance a gefe guda. Da reza na riƙa tayar da su ɗaya bayan ɗaya, numfashi ma a hankali nake yi, ta ƙarshen ta karye a hannuna. Abba, in AM4 ne, tsohon gurbin AMD, ka duba ƙafafun a jikin furosesan. In AM5 ne ko Intel, suna cikin gurbin madabod, can za ka haska. Kada ka ba da ko halala sai an kunna a gabanka.

Abba (Madina): Na gode Baba. Anti Maryam, wasan dara nake so in yi, irin wanda muke yi a ƙasa da tsinke da duwatsu, yadda yara a Kano za su buga a wayar Tecno ko itel.

Maryam (Dammam): Kun ji ko? Tun ɗazu ana ta yanka raƙumi saboda baƙo ɗaya. Dara fa! Wannan Godot ya ishe shi, injin ƙera wasa ne na kyauta, kuma ko tsohuwar laftof tana ɗaukarsa. Ƙanina, nemi Ryzen 5 7600: ƙwaya shida, wat 65, da fankarsa a kwali. Ka sa RAM gigabait 32 da SSD mai kyau, ka sayi katin zane matsakaici. Canjin da ya rage ka sayi waya mafi arha a kasuwa, don a kanta za ka san ko wasanka na tafiya, ba a kan kwamfutarka ba.

Malam Habu (Jidda): In dara ce na janye sha shida. Gurbin AM5 ne, kuma a 2024 AMD ta ce za ta ci gaba da shi aƙalla har 2027, ran da ya koma Unreal sai ya cire furosesan ya sa babba. Amma maganar abokinsa dai ba daidai ba ce, a rubuta wannan.

Nura (Riyad): Ba a rubuta komai ba. Yau dara, gobe zai ce dambe yake so da 'yan kallo da ƙura na tashi. A lokacin za ku neme ni.

Malam Habu (Jidda): A lokacin ma ƙwaya 16 zai nema, ba taka ba.

Abba (Madina): An kira La'asar, zan wuce Harami. Baba Isiyaku, in na samu na hannu zan turo maka hoton gurbin kafin in biya.

Baba Isiyaku (Makka): Ka ɗauka da rana, kusa da taga, kada ka kunna filasha.