Manhajarmu tana riga rumbun bayanai tashi a Kubernetes, ina mafita?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ina aiki da wani ƙaramin kamfani a Yaba, mun yi manhajar da dillalan kayan gwari na Mile 12 suke rubuta kaya da bashi a ciki. Da can a Docker Compose muke, wanda ke tada kwantenoni (akwatunan da manhajoji ke gudana a ciki) a inji ɗaya, saitin depends_on ke jera mana komai: PostgreSQL, rumbun bayananmu, ya tashi, Redis, ma'ajiyar bayanai mai sauri, ya biyo, sannan manhaja. Watan jiya muka koma Kubernetes, tsarin da ke tada kwantenoni yana kula da su a injina da yawa, a kan injina uku da ke ofis. Ranar Talata da asuba aka ɗauke wuta, batir ya ƙare kafin a tada janareta, komai ya mutu. Da wuta ta dawo sai manhaja ta riga rumbun bayanai tashi, ta neme shi ba ta samu ba, ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa, har CrashLoopBackOff, alamar kwantenar da ke ta faɗuwa tana tashi, ya bayyana. PostgreSQL ya dawo lafiya lau, ita kuwa shiru. Ga tireloli sun iso da tumatir daga Arewa, ana ta sauke kwanduna ba a rubutawa, wayata ba ta huta ba. Abin ya tsaya mini a rai. Yaya zan gaya wa Kubernetes wane ya jira wane?

Yayan Ikeja: Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da fama. Kubernetes ba shi da depends_on, duka yake tada su lokaci guda. Shirun da ka gani kuma jinkirin da yake sawa ne bayan kowace faɗuwa: daƙiƙa 10, sai 20, sai 40, yana ninkawa har ya tsaya a minti 5. Sa kwantenar share fage, wato initContainers, ta riƙa kiran pg_isready, umarnin duba ko PostgreSQL ya shirya, duk bayan daƙiƙa biyu har rumbun ya amsa. Sai ta gama lafiya babbar kwantena za ta tashi.

Antin Idi-Araba: Yaya, maganarka gaskiya ce, amma ba ta kai ƙarshe ba. Kwantenar share fage a wajen tashi kawai take aiki. Idan da rana tsaka PostgreSQL ya faɗi, ko aka mayar da shi wani inji, manhaja tana nan a tsaye, ba mai sake share mata fage. Ƙanena, gyaran gaske a cikin manhajar yake. Koya mata haƙuri: in ta ƙwanƙwasa ba a amsa ba, kada ta mutu, ta jira ta sake gwadawa, tana ƙara tazara kaɗan-kaɗan. Sannan ka sa readinessProbe, gwajin ko ta shirya karɓar aiki, don kada Service, ƙofar da ke kai masu amfani wurinta, ya turo mata dillalai alhali ba ta shirya ba.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka sa duba rumbun bayanai cikin livenessProbe, gwajin ko kwantena tana da rai, wanda in ta faɗi shi ake kashe ta a sake tada ta. Na taɓa yin haka a wani wurin aiki, rumbu ya ɗan yi nauyi na 'yan mintuna, Kubernetes ya bi kwantenonin da lafiyarsu ƙalau yana kashewa, suna tashi tare su sake danne rumbun. Sai bayan la'asar muka shawo kansa.

Malam na Obalende: Ina tare da Anti. In manhajar tana da nauyin tashi, ƙara startupProbe, gwajin ko ta gama tashi. failureThreshold 30 da periodSeconds 10, wato gwaji 30 duk bayan daƙiƙa 10, sun ba ta har minti 5 ta tashi kafin a fara duba ko tana da rai.

Ɗan Agege: Allah ya saka da alheri. Tambaya ɗaya ta rage: gyaran teburan rumbu da muke yi duk sabon fitarwa, in sa shi cikin kwantenar share fage?

Antin Idi-Araba: Kwafi nawa kake tadawa? In uku ne, ukun za su afka wa tebur ɗaya lokaci guda. Ware shi ya zama Job, wato aikin da in ya gama sai ya tsaya, ya gudana sau ɗaya. In da Helm kake aiki, kayan aikin girka manhajoji a Kubernetes, pre-upgrade zai sa shi ya gudana kafin sabon fitarwa. In ka gama, kashe PostgreSQL da hannunka bayan isha'i, lokacin da kasuwa ta lafa, ka zauna ka ga ko manhajar za ta dawo da kanta.

Ɗan Agege: Uku ne, Anti. Daren Lahadi zan gwada in sha Allah, zan dawo da labari.