Neman shawara: abincin dubu 48 ya koma dubu 57 a wajen biya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ranar Lahadi surukata ta zo Abuja ganin likita, da muka fito na kai ta wani gidan abinci a Wuse, ita da matata da ƙannenta biyu. Ni dai tsakura kawai na yi, kun san cin abinci gaban suruka. Kafin mu yi oda na leƙa menu, na yi lissafi a zuci: dubu 48. Da aka kawo takarda sai ga 56,760. An ɗora kuɗin hidima kashi 10, wato 4,800, ga harajin VAT 3,960. Na miƙa kati, yarinyar ta ce akwai cajin POS naira 500. Hajiya na zaune tana kallo, ta ina zan fara musu? Na biya, dubu ɗayan da na ware na tukwici kuma na mayar aljihu.

To ga shi Asabar mai zuwa walimar gama karatun matata, mutum 20, kuma Hajiya ta yaba farfesun wurin har ta ce a yi a can. Wanne ne dole a cikin kuɗaɗen nan? In koma ko in canza wuri?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Aikin akanta nake yi, bari in rarrabe maka. VAT na gwamnatin tarayya ne, kashi 7.5 tun Fabrairun 2020 da aka ɗaga shi daga kashi 5. Wannan ba ka da ta cewa. Amma duba da kyau, kashi 7.5 na dubu 48 naira 3,600 ne. Sun fara ɗora kuɗin hidima ya zama 52,800, sannan suka lissafa VAT a kan jimillar, daga nan 360 ɗin ta fito. Shi kuɗin hidima ba haraji ba ne, ba ya zuwa asusun gwamnati, gidan ne ya yanka wa kansa. A Legas har harajin jiha kashi 5 aka sa a kan abincin otal da gidajen abinci a 2009.

Mai tambaya: Kenan zan iya ƙin biya?

Baban Khalifa: In an rubuta a menu ka gani ka ci, ka amince kenan. In ba a rubuta ba sai a takardar biya, kana da bakin magana, domin dokar kare masu saye da hukumar FCCPC ke aiki da ita ta ce a bayyana farashi, kada a karɓi fiye da abin da aka nuna. Na POS kuwa, tsarin Babban Banki shi ne mai kanti ke ɗaukar cajin na'urarsa. Mutane sun saba da biyan caji wajen masu POS na bakin titi, shi ya sa ba sa tankawa, alhali can kuɗi kake cira, nan kaya ka saya.

Maman Biyu: Malam, duba can ƙasan menu, da ƙananan baƙaƙe kamar tururuwa suke rubutawa. Ni sai da na sa tabarau.

Ɗan Tudun Wada: Yallaɓai, dubu ɗayan nan da ka mayar aljihu ita ta tsaya mini a rai. Shekara biyu na yi ina kai abinci tebur. A inda na yi aiki, kashi 10 ɗin nan ba mu taɓa ganin ƙwandalarsa ba. In kofi ya fashe a albashinka za a cire, in baƙo ya sulale bai biya ba, kai ne. Tunda aka fara sa kuɗin hidima baƙi suka daina ba mu komai, suna ganin sun riga sun bayar. Akwai gidajen da ke rabawa ƙarshen wata, ban ce babu ba. Ka ja yarinyar gefe ka tambaye ta ko yana isowa gare su. In ta yi murmushi ta sunkuyar da kai, ka samu amsa.

Anti Ladi: Mu nan Ingila tun 2018 aka hana ƙara wa mai saye kuɗi don ya biya da katinsa, daga Oktoban 2024 kuma doka ta tilasta a miƙa wa ma'aikata kuɗin hidima gaba ɗaya. A Landan za ka ga kashi 12.5 a takarda, ka ce a cire, a cire.

Hajiya Mai Tuwo: Ɗana, ni ma abinci nake sayarwa, kada a yi mana kuɗin goro. Gas da dizal sun ci mu. Amma ni farashin faranti na ƙara, na rubuta a allo kowa ya gani. Mutum 20 ciniki ne babba, kai ke da wuƙa da nama. Je ka ranar Laraba kai kaɗai, da hantsi kafin wuri ya cika, ka nemi manaja. Ce masa ya rubuta maka jimilla ɗaya, komai a ciki har ruwan roba, ya sa hannu. Nemi a cire kuɗin hidima, ka ce za ka sallami yaran da hannunka. Ka biya ta tiransifa zuwa asusun gidan kafin baƙi su iso, kada wata takarda ta zo tebur gaban surukarka.

Mai tambaya: Na gode Hajiya, Allah ya saka. Matata ta ɗauki hoton menu ɗin ranar, yanzu muka ƙara girmansa muka duba. VAT na rubuce a ƙasa, kuɗin hidima babu ko alamarsa. Da hoton zan tafi ranar Laraba.

Ɗan Tudun Wada: Ka tafi da dubu ɗayan nan ma, Yallaɓai.